Kwalliyar Injin Motar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da son a yaba mini ya durƙusar da ni a kan rairayi mai zafi, da bakin bindiga a saitin goshina. Yanzu in na ba jikokina labarin dariya suke yi har su kwanta, ni ma in taya su. Amma a ranar babu wanda ya fi ni tabbacin cewa kwanana ya ƙare.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja. In kaka ta yi, Tasawa ba ta da wata magana sai ta buhu da sikeli, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga suna fita. Kawuna Alhaji Mamman, ƙanen mahaifiyata, yana cikin masu sayen gyaɗa, kuma a hannunsa na tashi. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi wata baƙar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ni kuma ban daɗe da samun permin tuƙi ba, don haka aka damƙa mini makulli. (In ka ga yadda nake karkata hula a lokacin, sai ka rantse ni na ƙera motar.)

To, mu direbobi muna da wata al'ada. Da hantsi, in babu tafiya, sai mu taru a inuwar bakin tasha, kowa ya ɗaga kapo, wato murfin inji, wai inji na shan iska. Gaskiyar magana, nuna wa juna muke yi. Akwai wani Sanda, direban wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda in ya ɗaga nasa kapon sai kowa ya bar abin da yake yi. An sa masa wani tiyon ƙarfe a Kano, fari fat, ya lanƙwaso daga karbirato, inda inji ke shaƙar iska, ya zo gaba, kana iya ganin fuskarka a jikinsa. Nawa injin kuwa, abin da ke zaune a kansa wata baƙar tukunya ce mai tace iska, kamar wadda aka sauke daga murhu, da guntun tiyon roba da ya tsage aka ɗaure da waya.

Wata rana Sanda ya leƙo cikin nawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanena, rufe abin nan kada ƙudaje su taru." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida, ta hana ni jin daɗin tuwo.

Zuwa Kano ba nawa ba ne, kuma ko giyar wake na sha ba zan tunkari Kawu da zancen ado ba. Ana nan sai aka aike ni ɗakin ajiya in ɗauko buhunan wofi. A can ƙurya na ga gadon ƙarfe na Hajiya Tsahara, matar Kawu, wadda ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Gadon aurenta ne, an kwance shi an jingine, tana ajiye da shi don ranar da ɗiyarta za ta tare. Ƙafafunsa dogaye ne, na farin ƙarfe, masu rami a ciki, da zanen fure a jiki. Na shafa ɗaya da bakin riga, sai ta yi walƙiya. Na auna faɗinta da yatsu, na ga kamar don karbirato aka yi ta. (Abin da na gaya wa kaina shi ne yarinyar ba ta ko kai aure ba, kafin lokacin ai na mayar. Yadda zan mayar da ƙarfen da aka lanƙwasa, wannan ban tsaya tambayar kaina ba.)

Na naɗe ta cikin buhu na kai wa Illo maƙeri. Shi bai tambaye ni komai ba. Ya cika ta da rairayi, ya gasa, ya lanƙwasa yadda na zana masa a ƙasa, ya buɗa bakinta ya yi faɗi kamar na kakaki. Muka cire baƙar tukunyar na jefa ta bayan rumbu, muka liƙa sabon tiyo da dalma, bakinsa na kallon gaba. Na wuni ina goge shi da toka da lemun tsami. Da na tada mota, muryar injin ta sauya, ta yi kauri, tana wani gurnani. Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Washegari na tafi tasha da wuri, na ɗaga kapo, na jingina ina sakace. Waɗanda ke wurin sun yaba, ba laifi. Sanda kuwa, wanda don shi aka yi wahalar, ashe maigidansa ya tafi da shi Damagaram. A hanyar komawa gida motar ta yi wata ƴar atishawa, na ce sabo ne take yi da sabon abu.

Sai dai akwai abin da ban gaya muku ba game da shekarar. Ƙasa ba ta kwance. Ana ta raɗe-raɗin cewa wasu na ƙetarowa daga kudu da makamai, kuma gwamnati ta sa ido a kan duk hanyar da ta nufi iyaka. Ko'ina an kafa bariye, shingen binciken matafiya. Ƙauyuka sun fitar da ƴan sintiri da kwari da baka. Mutum zai tafi kasuwa a ce an tsare shi, daga nan ba a sake jin labarinsa ba, kuma ba mai tambaya. Ko a zaure, in zancen ya taso, sai manya su rage murya su dubi ƙofa.

A cikin wannan hali ne Kawu ya kira ni da safe ya ce in kai Hajiya garin Hawandawaki, can wajen iyaka, ƙanwarta ta haihu, ranar suna. Ya ce, "Ka bi a hankali. In an tsaida ka, ka tsaya, abin da aka tambaye ka shi kaɗai za ka amsa." Na ce to. Muka loda goro da turamen atamfa da ƙwaryar kayan barka, Hajiya ta shiga baya ta ja mayafi.

Wanda ya san hanyar ya san rairayi ne zalla. Tun ba mu yi nisa ba na gane aikin da baƙar tukunyar nan take yi, don sabon tiyona ya buɗe baki yana haɗiyar duk ƙurar da ta taso. Ga rana ta take, dalmar da muka liƙa ta soma saki. Motar ta fara tari, ta ja, ta sake, ta ja.

Hajiya ta ce, "Kai, mi ke damun motar nan?"

Na ce, "Esansin ne, Hajiya. Man bana duk ba shi da kyau."

Ta ce, "Allah dai shi kai mu lahiya."

Dab da gari muka hango bariye: sanda a kan ganguna biyu, ƙarƙashin wani babban gawo. Jandarma biyu ne, da ƴan sintiri a zazzaune. Ranar kasuwa ce kuma, mutane sun yi layi da jakuna da kaya ana dubawa. Na gyara hula, na ɗaga ƙafa daga totur don in tsaya cikin ladabi.

Nan take injin ya saki wata ƙara, daram, kamar an harba bindigar toka a cikin kunnena.

Kafin in gane abin da ya faru, wurin ya watse. Jakuna suka yi daji da kaya, mata suka zubar da ƙorai, ƴan sintiri wasu suka kwanta wasu suka ɗana kibiya. Jandarman nan biyu suka faɗa bayan ganguna, na ga bakin bindigogi sun leƙo suna kallona. Ina cikin salati motar ta ƙara ta biyu.

Aka daka mini tsawa da Faransanci, sannan da Hausa: in fito, hannu sama. Na fito. Ko kashe injin ban tuna ba. Aka ce in durƙusa, na durƙusa, rairayin na cin gwiwata amma ban ji ba sai daga baya. Babbansu, wanda suke kira Shef, wani dogo ne mai furfura a saje, ya taso a hankali, bindiga a kafaɗa, har ya tsaya a kaina.

"Wa ya yi harbi?"

"Ranka ya daɗe, ba kowa."

"Ba kowa. To mu mahaukata ne?"

Ɗayan ya buɗe bayan mota ya zazzage komai. Goro ya watse a ƙasa, atamfa ta warware. Ya leƙa ya ga Hajiya ta dunƙule cikin mayafi tana jan carbi, ya ƙyale ta. Bai sami komai ba. Na fara jin numfashina na dawowa. Sai Shef ya nuna gaban mota da baki ya ce, "Tashi ka buɗe kapo."

Jama'a, da na san abin da zai biyo baya da na roƙe shi ya harbe ni a durƙushe, ya fi sauƙi. Na ɗaga kapo, rana ta sauka a kan tiyon nan yana ƙyalli, dogo, bakinsa ya yi baƙi da hayaƙi, yana kallon daidai cikin Shef. Kuma a daidai lokacin injin ya yi tarinsa na ƙarshe, harshen wuta ya fito ta bakin tiyon, sannan ya mutu.

Shef ya yi tsalle baya. Na ji ƙarar ɗana bindiga, ƙaras, ƙarar da har yau in na ji an murɗa kwaɗon ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarfen inji yana ɗan ƙas-ƙas na hucewa.

"Mi ne ne wannan?"

Da ƙyar na ce, "Tiyo ne."

"Tiyon mi? Na yi soja, na ga injin mota iri-iri. Ban taɓa ganin mai aman wuta ba. Wa ya ba ka shi? Daga ina ya hito?"

A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Kawu ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Ni kuma, ko a bakin mutuwa, ban so a ce abin ƙirar Illo ne ba. Sai na ji bakina ya ce, "Irin na Kano ne, ranka ya daɗe."

Kano. Ƙetaren iyaka. Kalmar da duk mai hankali ba zai furta a bariye ba a wannan shekara. Na ga jandarman biyu sun dubi juna. Wani tsoho cikin ƴan sintiri ya ce, "Ai ga irinta nan, dama an ce cikin motoci suke ɓoyewa." Kafin in gyara maganar an murɗe hannuwana baya an ɗaure da igiyar jaki, an maida ni ƙasa. Shef ya ce wa ɗan'uwansa a nemi mota a kai ni Tasawa, daga can Maraɗi, can za su san yadda za su buɗe mini baki.

Na tuna mahaifiyata. Na tuna waɗanda aka tafi da su ba a sake ganinsu ba. Na tuna Kawu, wanda za a ce motarsa ce, a zo a kwashe shi a gaban sikelinsa. Bakin bindigar yana kusa da fuskata har ina jin warin mai a jikinsa. Sai na ji wani ɗumi na bin cinyata. (Rairayi ya rufa mini asiri ya shanye nasa kason, amma farin wando na sa don zuwa suna, kuma farin wando ba ya riƙe amana.)

Ina cikin haka na ji ƙofar mota ta buɗe. Hajiya Tsahara ce ta sauko, a hankali, don tana da jiki. Ƙaramin jandarman ya ce ta koma ciki. Ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Ɗana, na haifi kamarka. In kashe mu za a yi, bari in ga abin da za a kashe mu a kansa."

Ta zo gaban mota ta leƙa. Ta daɗe. Ta matsa kusa, ta karkata kai, ta sa bakin mayafi ta goge wani wuri a jikin tiyon. Sannan ta juyo ta dube ni. Wallahi, kallon Shef da bindigarsa bai kai wannan ba.

"Kai. Wanga ba ƙafar gadona ba ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kai nike. Ɗaga kai ka ba ni amsa."

Na ce, "Ita ce, Hajiya."

Shef ya ce, "Gado? Wane gado?"

Ta ce, "Na kwanciya, ɗana. Gadon da ubana ya saya mini. Zo ka gani." Ya matso yana taka-tsantsan. Ta nuna masa zanen furen, ta nuna masa ƴar hudar da ake soka sandar gidan sauro, ta nuna masa wata lotsawa ta ce nan ne taɓarya ta faɗa masa shekarar da suka tashi daga tsohon gida. "Sauran ukun suna ɗakin ajiya a Tasawa. In kana so a aika a kawo maka, ka gwada."

Shef ya dubi tiyon, ya dube ni. Ya sauke bindigar kaɗan.

"Don mi ka sa ƙafar gado cikin mota?"

Na soma kame-kame. Ya maimaita. Mutanen da suka gudu sun fara dawowa, sun kewaye mu, har da masu jakuna. Ba yadda zan yi, na ce da ƙaramar murya, "Kwalliya ce."

"Ban ji ba."

"Kwalliya ce, ranka ya daɗe."

"Kwalliya. A cikin kapo. Wa ke ganinta a rufe?"

"Sai in an buɗe."

Ya ce, "To, ga shi an buɗe."

Wata mai tallan nono ce ta fara fashewa da dariya, daga nan abin ya kama kowa. Tsohon nan mai baka har da zama a ƙasa. Wani ya nuna wandona, aka sake sabon lale. Shef kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa aka kwance ni, ya ce in cire abin da hannuna. Ƙarfen da zafinsa, na ƙone yatsu, ban ko yi ƙorafi ba. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta ciki, ya shinshina, sannan ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu ya ba ta haƙuri kan goron da aka zubar.

Kafin ya sallame mu ya ja ni gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "Yaro, lokacin da wutar nan ta hito, yatsana ya riga ya fara ja. Ban san abin da ya tsaida shi ba. In ka koma gida ka yi sadaka." Wannan ya fi komai tsorata ni, har na kasa ce masa na gode.

Motar ta ƙi tashi. Na cire hulata na ɗaure a bakin karbirato don ta tare rairayi, mutanen da suka gama yi mini dariya suka taru suka tura. Haka muka shiga Hawandawaki, tana tari tana tsayawa, ni ba hula, wando da taswira. Da muka isa Hajiya ta sauka da ƙafar gadon a hannu, lanƙwasasshiya, tana dogarawa kamar sanda, ta shiga gidan suna da ita. Kafin a raba waina duk matan gidan sun ji labari, suna fitowa bibbiyu suna leƙena. Wata tsohuwa ta kawo mini ruwa a buta da zanen mijinta, ta ajiye, ta juya kafaɗunta na girgiza.

Kawu kuwa, da muka dawo, Hajiya ta zayyana masa komai a gabana. Na shirya wa mari, na shirya wa kora. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Injin sai da aka kai shi Maraɗi aka sauke, aka ce rairayin da aka kwaso a ciki zai isa a shuka gyaɗa. Ni kuma na ƙarasa kakar a bakin sikeli ina dakon buhu. Sunan da aka laƙaba mini a tasha, Mai Gado, ya bi ni har bayan na yi aure na haihu.

Daga baya an maida mini makulli, na yi shekaru masu yawa ina tuƙi, daga ƙaramar mota har kamiyo, kuma duk wanda ya leƙa injina zai gan shi baƙi ƙirin yadda masu shi suka ƙera shi. Abin da na koya bai da yawa. Mutum na iya yin ado don a kalle shi, amma ba shi zai zaɓi wanda zai yi kallon ba, ba kuma shi zai zaɓi ranar ba. Sai ɗaya kuma, wanda ban cika faɗa wa yara ba: har na ajiye tuƙi, in na san akwai bariye a gaba, nakan tsaya tun daga nesa in zagaya bayan kalgo tukuna.